Ƙorafin Mai Kunne

Malam ya sake danna maɓallin. Kiɗan ya tashi daga lasifika, ya hau, ya hau, yana kaiwa ƙololuwa sai sarewar ta ɗauke ɗif. Alamomin kiɗan suna nan a allon kwamfuta, ɗare-ɗare a kan layukansu. Sautin ne babu.

Manhajar da yake aiki da ita ta rubuta kiɗa ce, kyauta ake rabawa, masu amfani da ita kuma suna da zaure a intanet inda kowa ke zuba abin da yake da shi, wani waƙa, wani sautin kayan kiɗa, wani gyara. A zauren nan Mai Kunne ake ce wa Malam, kuma ba a banza ba. Duk sabon sautin da aka kawo sai ya saurara ya ce ya yi kafin a sake shi. Makarantar da ya koyar a cikinta ta daɗe da sallamarsa, abokai sun watse. Sunan nan ne kaɗai ya rage masa, yana kuwa riƙe da shi hannu bibbiyu.

Sabon sautin sarewar nan, Dogo ne ya naɗa shi, tsohon ɗalibinsa, wanda Malam ya koya wa yadda ake ɗora yatsa a kan rami. Malam ya rubuta ƙorafi a taƙaice: sautukan sama sun ɓace, a gyara.

Aka amsa masa da ladabi cewa kowa ya gwada, lafiya lau. Ko lasifikarsa ce?

Ya sayo sabuwa. Ya ari abin sawa a kunne. Duk kanwar ja ce. Ransa ya ɓaci, dama kwanakin nan komai haushi yake ba shi. Matarsa ta tsiri magana ƙasa-ƙasa kamar mai gulma. Wayar da aka saya masa ba ta da ƙara, sai dai ya tarar an kira. Tsuntsayen bishiyar tsakar gida ma sun yi ƙaura, ba wanda ya damu ya tambayi dalili. Abu guda ne ya gyaru, ƙofar ɗakinsa ta daina ƙugi, shi ma ba a gaya masa wanda ya zuba mata mai ba.

Dogo ya aiko saƙo ta gefe: “Malam, don Allah bari in zo gida mu saurara tare.”

Wato ya zo ya koya masa saurare! Malam bai amsa ta gefe ba. A tsakiyar zaure ya yi wa Dogo wankin babban bargo, ya kira shi malalaci mai aikin ha'inci, ya ce ya yi da-na-sanin ranar da ya miƙa masa sarewa. Dogo bai rama ba. Washegari ya kwashe duk abin da ya taɓa bayarwa, ya rufe shafinsa, ya tafi.

Zaure ya hargitse. Masu kula da zauren suka rubuto cewa suna girmama Malam, amma ko dai ya kawo shaida, ko ya sauka daga tantance sauti. Yaran da ya raina da hannunsa, yau su ke neman shaida a wurinsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har abinci ya gagare shi.

Shaida kuwa ai mai sauƙi ce. Zai naɗi sarewar gaske, ya jera ta da ta Dogo, kowa ya ji bambanci. Ya aika aka kira babbar 'yarsa daga gidan mijinta, ita ce ta gaji numfashinsa wajen busa sarewa.

Ta shigo da sarewar a hannu, ta dubi uwarta da ke tsaye a bakin ƙofa, uwar ta kau da kai.

“Baba, da ka bar maganar nan,” in ji ta.

“Ɗaga murya. Ke ma kin koyi halin uwarki?”

Ya tsayar da ita a bayan kujerarsa, ya gyara makirfo, ya ce da ya ɗaga hannu ta busa sautin can na sama, ta riƙe shi iya ƙarfinta. Ya juya ga kwamfutar, ya danna, ya ɗaga hannu.

Shiru. A allo koren layin da ke nuna ƙarfin sauti ya yi tsalle ya cika ma'auninsa taf. Malam ya yi murmushin mugunta. Ga wata ɓarakar kuma, manhaja tana auna sauti a ɗakin da ko ƙuda bai motsa ba. Wannan ma zai rubuta musu.

Hannunsa ya fara gajiya. Ya juyo a fusace.

“Wai me kike jira ne?”

Sarewar na bakinta, jijiyoyin wuyanta sun tashi, hawaye na gangarowa a kumatunta, tun da ya ɗaga hannu take busawa.