Dakalin Gindin Tsamiya

Tun da aka hana mota shiga babban layin garinmu, kowa na ajiye tasa a bayan ganuwa. An mayar wa gidaje zankayensu, an shimfiɗa hanya sumul, aka ce yanzu layin da kansa ke lura da masu tafiya, ya gina musu abin da suke buƙata.

Baba Barau, tsohon magini, ya yi wata bakwai a kwance da shanyewar ɓarin jiki. Jiya da hantsi ya gwada zuwa aski shi kaɗai. Daidai tsamiya ƙafa ta ƙi, ya dafa bango, ya juya gida bai faɗa wa kowa ba.

Yau ya sake fitowa. Ba ɗan acaɓa, ba mai danna masa oda. A gindin tsamiya sai ga sabon dakali. Ya zauna ya huta, sannan ya ƙarasa rumfar Tanimu wanzami.

"Maigida, da ƙafarka?" in ji Tanimu.

"Da ƙafata, alhamdu lillahi. Wai wa ya gina dakalin tsamiya?"

"Layi ne mana. Haka muke wayar gari mu gani."

"Aiki ya yi kyau. Sai dai gefen dama ya fi tudu da yatsa biyu."

"Kuskure aka yi?"

"Ina fa! Nan nake dafawa in miƙe." Baba Barau ya sunkuyar da kai ga aska. "Ko matata Kande ba ta san haka ba."