Baƙuwa a Ɗakin Baba

Tana shiga ɗakin mahaifinta da jaka a hannu, ta tarar da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a durƙushe tana yanke masa farce.

Shekaru 'yar tasa ta kwashe tana yawon ƙasashe, tana binciken yadda gwamnatoci ke kula da tsofaffi. Kullum cewa take in ta gama za ta dawo gida. Kafin ta gama, mantuwa ta ci ƙarfin tsohon.

"Baba, sannu da gida," ta ce.

Ya dube ta da fara'a, sannan ya dafa kafaɗar ma'aikaciyar.

"'Yata, tashi ki kawo wa baiwar Allah ruwa. Da gani daga nesa take."