Ranar da Baba ya wanke alƙalaminsa

Zafin garin Garwa bai ko fara sauka ba Baba ya dawo daga ofis, tun kafin la'asar. Ya zauna a gindin dalbejiya ya ce in kawo masa ruwa a kwano.

Ya zaro alƙalaminsa mai baki biyu, gefe ɗaya na tawada, ɗayan fensir. A jikinsa akwai wani siririn ƙarfe, in ya ɗaga shi da farce ya saki sai alƙalamin ya zuƙi tawada. Kullum ni ke riƙe masa kwalbar tawadar. Ran nan ruwa ya shayar da shi. Yana ɗaga ƙarfen, shuɗin tawada na fita yana bazuwa cikin kwanon, ni ko sai tafi nake. Muka yi ta sake ruwa har ya fito fes.

"Baba, in ɗauko tawadar?"

"A'a, uwata. Alƙalamin da za a ajiye ba a barin tawada a cikinsa. Bushewa take ta cinye robar da ke cikinsa."

"To gobe da me za ka yi rubutu?"

Ya juyo bakin fensir ɗin. "Wannan ya ishi mai zaman gida."

Ban san ranar ce aka sallame su daga aiki ba, shi da rabin ma'aikatan ofishin.

Yanzu ina tara irin waɗannan alƙaluman, kuma kusan duk wanda na saya robarsa ta mutu. Ta Baba har yau ƙalau take. Ya wanke shi da kyau, don ya sa rai za a sake kiransa aiki. Har ya rasu ba a kira shi ba.