Mai Tayal da Rautar Gidansa

Tunda ka ce kulle rauta rowa ce, zauna ka ji. Wani mai sayar da tayal ya sa rauta a gidansa, wato ƴar na'urar nan mai raba intanet ta iska, ya haɗa ta da kyamara a tsakar gida don ya riƙa duba tsohuwarsa daga shago. Ranar sunan ɗansa gida ya cika, kowa na neman kalmar sirrin rautar. Mutumin nan kunya ta yi masa yawa, ko kaza ba ya iya kora daga tabarma. Sai ya juya rautar ya karanta musu wadda aka buga a gindinta tun daga kamfani, don bai taɓa canza ta ba. Daga bakin wannan zuwa wayar wancan, duk ƴan layinsu suka samu. Wata safiya a teburin mai shayi, wani da bai taɓa taka masa soro ba ya dube shi yana murmushi ya ce, "Alhaji, ya ƙafar Hajiya? Na ga jiya tana ɗingishi wajen shanya." Tsohuwar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa babu mayafi, ashe ƙato na kallon ta a waya. Ni kaina da na ji, sai da raina ya ɓaci.

Mai tayal ya tashi daga teburin. Ya koma gida ya shiga saitin rautar, ya canza sunan mai iko da ita da mabuɗinsa. Ya zaɓi kulli mafi ƙarfi, irin wanda ke hargitsa duk abin da ke bi ta iska yadda mai leƙe ba zai tsinci komai ba. Ya sa doguwar kalmar sirri, ba lambar wayarsa ba, ba sunan jaririn ba, ya yi wa kyamarar haka ita ma. Saura kunya, don baƙo dai sai ya tambaya. Nan ya tuna yadda kakanninmu suka yi: baƙo iyakarsa zaure. Sai ya buɗe wa baƙi layinsu daban, su sha intanet su ƙoshi, amma ba hanyar da za ta kai su cikin gida. Washegari ga gogan naka mai leƙen nan a jikin katanga, yana ɗaga waya sama, yana gwada wannan yana gwada wancan, har rana ta kore shi. Tsohuwa na can tana shanyarta, ba idon da ke kanta sai na ɗanta. Ba wanda ya kira mai tayal marowaci, kuma sirrin gidansa ya dawo hannunsa. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.