Wa Ya Sayar da Gonar Kulsumu?

"Ku gaya mani ɗan banzan da yas saida gonata!" Tsohuwa Kulsumu ta buga sanda a ƙofar sabuwar kotun shari'a.

Wata uku ke nan tana cigiya. Malamin duba ya buga ƙasa, ya ce wani dogon baƙo ne. Matan kasuwar Moriki suka rantse maigari ne.

Magatakarda ya buɗe fayil ɗin cinikin gonar, ya sassauta murya. "Inna, sunanki na nan. Ga dangwalenki."

Ta ƙura wa shuɗin tabon ido. Sau ɗaya ta taɓa dangwala yatsa a duniya, ranar da aka ce mata takardar samun takin gwamnati ce. Autanta Kamalu ne ya riƙe mata yatsan. Yanzu haka yana waje kan babur, yana jiran ya mai da ita gida.