Telan da Ya Ƙi Amsa Sunansa

Tunda ka ce sunan da ake kiranka da shi a gida ya yi maka ƙauyanci, zauna in ba ka misali, in ya so ka yi abin da ka ga dama.

An yi wata mata mai cikin fari, aka ɗauko ta za a kai ta goyon ciki gidan iyayenta. Tsakanin garin mijinta da nasu akwai wani sarari na tafiyar wuni guda, babu gida babu gona, sai gamba da ƙyasuwa iyakar ganinka. A nan naƙuda ta kama ta. Matan da suka rako ta suka ware mayafansu suka kewaye ta, ta haifi ɗa namiji a kan ciyawa. Ranar suna liman ya raɗa masa sunan yanka, amma ka san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya take yi. Sai ta riƙa ce masa Sarari. Gari ya ɗauka, har aka manta da na yankan.

Yaro ya girma ya koyi ɗinki, ya tafi wani birni mai nisa ya kafa kekensa a layin teloli. Da aka tambaye shi sunansa sai ya faɗi na yanka, ya ɓoye ɗayan, wai kada a ce masa ɗan daji. Hannunsa na da kyau, ya samu ɗaukaka, har ya zama Alhaji. Gida kuwa, bana sai baɗi, baɗi sai wata baɗin, har shekara ashirin da wani abu. Tun yana aika wa uwar turmin atamfa da Sallah har ya daina.

Da tsohuwa ta kwanta ciwon ajali, abu ɗaya ta roƙa, a kira mata Sarari ta gan shi. Aka tashi wani maƙwabci, wanda ya zo garin bayan tafiyar telan, don haka bai san fuskarsa ba, sunan kawai ya riƙe. Bawan Allah ya bi layin teloli rumfa rumfa, har ya iso ta mutuminmu, ya tarar da ita cike da 'yan hira. Ya yi sallama ya ce, "Don Allah, ko kun san wani tela da ake kira Sarari?" 'Yan hira suka kwashe da dariya. Telan ya ji sunan har cikin ƙashinsa, amma ya zaci ɗan ƙauye ne mai neman masauki, ga idon mutane. Bai ko ɗaga kai daga kan keke ba ya ce, "Ba mu san shi ba, gwada gaba." Maƙwabci ya koma hannu rabbana. Tsohuwa ta ƙara kwana tara, duk wanda ya yi sallama sai ta juya fuskarta wajen ƙofa, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Sai bayan wata huɗu wani falke ya ba telan labari. Ya je ya tarar an mayar da ɗakinta turken awaki. Tsararrakinsa wasu sun mutu, wasu sun watse, sauran jama'a kuma sai "sannu da zuwa, Alhaji" suke yi masa kamar kowane baƙo. Da maƙwabcin nan ya zo gaisuwa ya ƙura masa ido, ya gane shi, ya juya ya yi tafiyarsa. Telan ya fita bayan gari shi kaɗai, ya shiga sararin da aka haife shi ya zauna. Ciyawa tana nan yadda take, iska tana kaɗa ta. Ya wuni yana kasa kunne, da zai samu mutum ɗaya ya kira shi da sunan nan, da ya ba da keke da rumfa gaba ɗaya. Wallahi ni kaina in na tuna zaman nan nasa sai tausayi ya kama ni, ko da yake shi ya jawo wa kansa.

To ka ji. Taka mahaifiyar tana da rai, in ta kira ka amsa. Hausawa ba su faɗa a banza ba: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.