Takalma a Bakin Ƙofa

Da 'yarta ta maƙala mata na'urar numfashi a hanci, 'yar mitsitsiya kamar ɗankunne, sai tsohuwar ta nutsa cikin ruwan dam ɗin da ya haɗiye ƙauyensu shekara arba'in baya.

Numfashi ya yi ta zuwa sumul, kamar a mafarki. Ga rijiyarsu, ga kututturen bishiyar da suke lilo, ga kifaye suna shawagi ta tagar ɗakin mahaifiyarta.

Ta jima kafin ta taso, ƙafafunta ba komai.

"Mama, ina takalman iyon da na sa miki?" in ji 'yar daga kwalekwale.

"Suna bakin ƙofa mana. Yaushe aka fara shiga ɗakin Inna da takalmi?"